Don Yana Gaida Inji Ne Za Ku Sallami Mijina?

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar agaji da mijina yake wa aiki a nan Diffa.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, ya aiki, ya iyali. Ni ce matar dattijon nan na biron ordinatar, wato ofishin kwamfuta, wanda kuke ce ma Baban Yagana. Karatuna bai wuce firamare ba, yadda nike magana haka za ka ga rubutun, ka yi haƙuri. Na zo ƙofarku mai gadi ya ce ba ka nan, na sake zuwa ya ce kana taro. Shi ya sa na rubuta a fili kowa ya gani. Shi mai gidan bai ma san na yi ba.

Na ɗaya. Mutumin nan tun gashinshi yana baƙi yake rubuta wa ordinatar abin da za ta yi. Da ciwon suga ya kama shi, ido ya fara tafiya, ƙananan baƙaƙen nan ba ya ganinsu ko da tabarau. Ga shi aikin duk ya koma na waya, wani sabon salo da bai koya ba. Ya ce mini shi dai ya gama, zamani ya wuce shi. Abinci ma sai na yi ta roƙo yake ci.

Na biyu. Sai ga wannan abu da kuke ce ma IA, wanda ake tambaya ya ba da amsa. Ni ban san yadda yake ba. Abin da na sani, yana karanto mishi da murya, shi kuma yana faɗa wa injin abin da yake so ya rubuta, in bai gane ba ya sake tambaya, ba ya gajiya kuma ba ya mishi dariya. Walla mutum ya dawo. Da furfurarshi ya zama ɗan lakwal kamar yaron firamare, yana cin tuwo yana ba ni labarin abin da ya koyo, ni ko ba na gane komai, ina ta ce mishi to. Da haka ya gyara abin da ma'aikatanku suke ɗaukan sunayen mutane da shi a Yebi, inda rezon waya ke ɗaukewa. Ya sha faɗa mini abin yana yin ƙarya wani lokaci, shi ya sa ba ya miƙa aiki sai ya gwada da kanshi.

Na uku, kuma nan ne ciwon. Mijina mutumin bakin kogin Komadugu ne. Mu ba ma tambayar mutum ko gishiri sai mun gaishe shi. To haka yake wa injin. Sai ya ce mishi ina kwana, ya aiki, ya gajiya, kana ya kawo tambaya, in an gama ya yi godiya. Sabon shef ɗinsu, shugaban biron, ya leƙa, gaisuwar ya gani, bai tsaya ya ga aikin da ke ƙasa ba. A gaban kowa ya ce tsoho yana hira da inji lokacin aiki. Da ya tambaye shi wa ya yi aikin Yebi, mijina ya ce shi da injin ne, don a wurinshi ɓoye wanda ya taimake ka rashin amana ne. Duk biron da injin suke aiki, ranka ya daɗe, shi kaɗai ne ya faɗa.

Na huɗu. Bayan ƙaramar Salla aka rufe mishi IA ɗin, shi kaɗai. Aka ce ya nuna abin da ya iya. Yaya zai nuna, ba ya gani? Ya dinga manna fuska a gilashin ordinatar har ido na zubar da ruwa. Kuskure ya shiga, sunayen wasu gidaje suka fito sau biyu, ban musa ba. Yanzu an ce ƙarshen watan nan kwantirar aikinshi ta ƙare.

Ranka ya daɗe, ba mu kaɗai ba ne a gidan. Tsohuwata da ƙannena mata suna wurinmu tun da muka baro Geskeru saboda rashin tsaro, gonar tattasanmu tana can ba mai iya zuwa. Yagana tana kwalej. Allurar sugarshi ma daga aikin nan take fitowa.

Abin da nike roƙo: ku buɗe mishi abin, ku zaunar da shi gabanku, ku ba shi aikin da kuka ga dama, ku gani da idonku. In ya kasa, mun haƙura. In kuwa tsufa ne laifin, ku faɗa mishi haka kai tsaye, kar ku bar shi da sunan mai wasa da aiki. Wannan ya fi cinshi a kan korar.

Shekaranjiya na ji shi yana tambayar yayana ko ana neman mai gadin buhunan tattasai a kasuwa. Alhali kowa ya san ko ɓarawo ya wuce ta gabanshi ba zai gan shi ba.

Allah ya ja da ranka, ya ba ka lafiyar ido, ya kai ka tsufa cikin mutunci, ya haɗa ka da masu haƙuri da kai a lokacin.

Wassalam.

Maman Yagana, Diffa.