Baƙar Kwat ta Malam Rabo

Litinin, 6 ga Oktoba, 2025. Sheme.
Ɗiyata Lauratu ta kira daga Ingila, inda take aikin jinya. Ta ce ta kama mana ɗaki a jirgin ruwan yawon shaƙatawa, kwana bakwai, ni da ita. Shekara goma sha tara na yi ina kai abinci tebur a irin waɗannan jiragen kafin in dawo gida in kama noma. Ban taɓa zama an kawo mani ba.

Laraba, 8 ga Oktoba.
Na tafi Faskari wurin Jabiru tela. Baƙar kwat nake so, da wando, da farar taguwa. A zamanina akwai daren kyaftin: duk namijin da bai sa baƙar kwat ya ɗaura nakatai a wuya ba, a ƙofar ɗakin cin abinci ake mayar da shi. Da bakina na mayar da wasu, cikin ladabi. Mu masu hidima farar kwat muke sawa. Jabiru ya ce, "Baba, ga shadda mai kyau." Na ce mashi shaddar tana nan tana jiran Sallah.

Juma'a, 17 ga Oktoba.
Lauratu ta ce in bar wahala, wai an soke dokar, kowa ya sa abin da ya ga dama. Na ce su suka soke, ni ban soke ba. Zulaihatu, matata, ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Ta ce tsoho da kwat kamar lauya. Ta yi abinta.

Asabar, 1 ga Nuwamba.
Kwat ta fito. Hannun hagu ya ɗan fi tsawo. Ba mai lura.

Talata, 11 ga Nuwamba. Cikin jirgi.
Warin bai canza ba, gishiri da fenti. Da aka buga ƙararrawa sai na ji na miƙe tsaye, kamar ni ake kira. Lauratu ta ja hannuna: "Baba, zauna mana."

Alhamis, 13 ga Nuwamba.
Daren kyaftin. Bayan magariba na yi wanka, na sa kayana, na daɗe gaban madubi. Muka sauka. Innalillahi. Gajeren wando, silifa, wani ƙato da rigar ƙwallo. Ni kaɗai ne da kwat cikin fasinjoji. Sai na lura ma'aikatan yanzu baƙa suke sawa.

Ban kai teburinmu ba wata Baturiya ta ɗaga mani kofi, ko kallon fuskata ba ta yi ba, ta ce in ƙara mata ruwa. Abin da ya fi ƙona mani rai, hannuna ya riga ni. Na karɓa, na zuba ta gefen damarta, yadda aka koya mani, ko ɗigo bai zuba ba. Lauratu ta taso fuska a murtuke tana faɗin, "Mahaifina ne!" Matar ta yi ta ba da haƙuri. Na ce ba komai. Na zauna, na ci komai da aka kawo, da cokalin da ya dace. Ban ji ɗanɗanon ko ɗaya ba.

A ɗaki Lauratu ta ce gobe in sa wani abu daban. Na ce ko tulu za su miƙo mani ba zan cire ba.

Juma'a, 14 ga Nuwamba.
Na sake sawa. Mutum biyu sun tambaye ni hanyar banɗaki. Na nuna masu, ai na fi su sani.

Lahadi, 16 ga Nuwamba.
Zafi ake yau, shi ya sa kawai. Na sauka da rigar shan iskar da Lauratu ta saya mani a bakin tasha, mai zanen kifi. Dattijon da ke kula da teburinmu, wanda kwana biyar yana gaishe ni kamar abokin aiki, ya ja mani kujera, ya shimfiɗa mani ƙyalle a cinya, ya tambayi abin da nake so in ci. Na ce kifi. Cokalina ya faɗi ƙasa, na sunkuya, sai na fasa. Na bar shi ya ɗauko.

Kifin ya yi daɗi. Kada Zulaihatu ta ji.