Tsintsiyar Ya Gaji

Zuwa ga kakana, marigayi Malam Abdu Baduku na Birni.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, jikarka Hadiza ce, amaryar nan taka da ka tafi ka bari ko zanen sallah ba ka yi mata ba.

Kaka, ba lafiya ce ta sa na rubuto maka ba. Laminu, ɗana na fari wanda ba ka sani ba, yana zaune a zaure da jaka tsakanin ƙafafunsa. Wani mutum ya yi masa alkawarin ƙungiyar ƙwallo a ƙetaren hamada, motar Agadas kuma bayan la'asar za ta tashi. Albarkata yake jira. Ni kuwa na shige ɗaki na turo ƙofa, na rasa wanda zan kai wa ƙara sai kai, domin ƙafarka ya ɗauko.

Kai ka ba ni labarin yadda abin ya same ka. Zamanin Nasara, sojan bariki suka kawo wa mahaifinka ƙwallonsu na fata da ya fashe. Ka ɗinke shi, aka ce ka mayar musu. Maimakon ka ɗauka a hannu kamar ɗan mutunci, sai ka kora shi da ƙafa tun daga lungunan Birni har ƙofar bariki, wani saje yana kallonka. Daga ranar dukanci ya yi asarar ka.

Ka buga a Damagaram har garin ya yi maka kaɗan. Da aka kira ka Maraɗi, ka je ka durƙusa gaban mahaifiyarka, Ya Gaji. Ita a wurinta ƙato da gajeren wando yana bin fata a gaban jama'a abin kunya ne da ba ya wankuwa. Ta juya fuskarta ga bango, ta hana ka albarkarta. Ka gaji da durƙuso ka tashi.

Ka san al'adar gidanmu: ranar da wani ya yi tafiya ba a shara, ana barin sawunsa a kan rairayi don ya san hanyar komowa. Kana fita Ya Gaji ta ɗauki tsintsiya. Ta share daga bakin ɗakinta har ƙofar zaure, kana tsaye a lungu kana jin ƙarar sharar.

Daga nan ba ka ƙara zama ba. Maraɗi damina ɗaya, Yamai ba ka cika shekara ba, sai Kano, sai Cadi, sai wasu garuruwan da ni ko sunansu ban riƙe ba. Ko'ina a karɓe ka da murna, ka ci musu wasa, a ɗaga ka a kafaɗa, kafin a jima ka saɓa da mai ƙungiya ko kawai ka ji garin ya ishe ka. Sai da gwiwa ta ƙi ka juyo gida, ka tarar an daɗe da rufe Ya Gaji.

Ni a zaure na san ka, da basilla a hannu, kana ɗinke wa yaran unguwa ƙwallo kyauta. Ban taɓa ganin ka taɓa shi da ƙafa ba. In na tsokane ka na ce angona tsohon ɗan yawo ne, sai ka yi dariya ka ce: “Amarya, ba ƙwallo ya kore ni ba, tsintsiya ce.” Ina yarinya, na ɗauka wasa kake yi.

Gaskiya ban sani ba ko tsintsiyar ce ko taurin kanka, don kai ma ba kanwar lasa ba ne. Amma na ga yadda kake tashi ka bar tsakar gida duk lokacin da aka fara shara.

Kada ka ce ban yi ƙoƙari ba. Na haɗa Laminu da kawunsa, na haɗa shi da liman, na samo masa zaman kanti a Zango. Yaro ne mai ladabi, ba ya ɗaga mini murya, sai ya sunkuyar da kai ya ce to, da yamma kuma ka gan shi a filin ƙwallo. Hanyar da zai bi na san ta a bakin mata. Ɗan maƙwabciyata hanyar nan ya bi, har yau uwarsa ba ta raba waya da jikinta ko wanka za ta shiga. Tsoro nake ji, Kaka.

Yayata ta ce in riƙe bakina, wai yaron da bai sami albarkar uwa ba ba zai iya tsallake ƙofa ba. Ita ba ta zauna kusa da kai a zaure ba. Ni na san ana tsallakewa, na kuma san yadda mutum yake komawa bayan ya tsallake.

In na sa masa albarka, da hannuna na buɗe masa hamada. In na hana, zai tafi duk da haka, ya tafi irin tafiyarka. Tun safe nake juya wannan, ban sami na ukunsu ba.

Ga shi na ji kabu-kabu ya tsaya a ƙofar gida, na ji Laminu ya miƙe. Bai kira ni ba. Na san yana durƙushe a bakin ɗaki, don inuwarsa ta tare hasken ƙarƙashin ƙofa.

Allah ya jiƙan ka, Kaka, ya jiƙan Ya Gaji, ya haɗa ku inda za ta juyo ta dube ka. Allah ya tsare mini yaron nan a hanya, ya ba shi gari ɗaya da zai riƙe shi, ya nuna mini komowarsa ina da rai.

Zan buɗe ƙofar yanzu, in dafa kansa. Tsintsiyar gidan kuwa tun ɗazu na tura ta ƙarƙashin gadona, kuma ba mai taɓa rairayin zauren nan sai na ji muryarsa.

Taka har kullum,
amaryarka Hadiza.