Ceɗiyar da Ta Rungume Ɗorawata

Zuwa ga Baturen Daji, ranka ya daɗe.

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Ni manomi ne a Yashe, kuma kukana a kan ɗorawa guda ne, wadda na gada a gonar mahaifina. Da kalwarta mai ɗakina take daddawar da muke miya, ta kai saura kasuwar Kankiya.

Na farko, shekarun baya tsuntsu ya yar da ƙwayar ceɗiya a tsakanin rassanta, ta tsiro can sama. Mai ɗakina ta ce in hau in tumɓuke ta tun tana ƙarama. Na ƙi, don ni a ganina abin alfahari ne: itace ɗaya, ganye iri biyu. Har in maƙwabta suka yi rigimar iyakar gona, nan nake kawo su in yi musu wa'azi, in ce su dubi yadda itatuwa ma suke zaman amana. Da wannan na samu sunan mai hikima a gari.

Na biyu, ashe ba zumunci ba ne, shaƙa ce. Saiwoyin ceɗiya sun sauko sun naɗe gindin kamar gammo, ganyenta ya tare rana. Bana kalwar da muka samu ba ta cika ƙwarya ba. Maƙwabtan da na sasanta yanzu su ke tsayawa su tambaye ni lafiyar amana.

Na uku, da na ɗauko gatari, malamin daji ya tare ni. Ya ce doka ta hana saran ɗorawa, ta kuma hana saran ceɗiya, kuma tunda sun manne ba ya iya cewa wacce zan sara. Ban ga laifinsa ba, ranka ya daɗe, wa'azina ya maimaita mini. Amma raina ya ɓaci ƙwarai, don ina kallo itacen ubana yana mutuwa a tsaye.

Roƙona a ba ni izinin datse saiwoyin nan kafin ruwa ya sauka. In doka ba ta yarda ba, to a aiko wanda zai gaya wa mai ɗakina da bakinsa, don ni na kasa. Na ce mata ai mun samu inuwa, sai ta miƙo mini tuwo gaya, ta ce in ci da inuwar.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci. Wassalam.

Mai ɗorawa, Yashe.