Tambaya ta Tara

Litinin, 4 ga Nuwamba
Na raba takardun tambayoyina a shagunan 'yan Kano da ke Al Sabkha. Binciken a kan zaman Hausawa ne a Dubai. Dakta Bashar, mai duba aikin digirina, ya ce in sakamako bai iso masa ƙarshen wata ba, shekarata ta zube.

Laraba, 6 ga Nuwamba
Raina ya ɓaci. Alhaji Salmanu, babban 'yan layin, ya miƙo min takardun a cike cikin leda yana murmushi. Duka biro ɗaya, hannu ɗaya! Wai yaran shaguna ne suka kai masa, don ba sa magana ga babba a zaune. "Hajiya, ai na san halin kowa. Khalas, shi ke nan, na hutar da ke." Hutarwa! Kuma har godiya na yi masa.

Juma'a, 8 ga Nuwamba
Na sake bugawa, na tsaya a kan kowa da kaina. Tambaya ta tara: "Kana fama da kaɗaici?" A'a. A'a. A'a. Wani ma ya tsallake akwatunan ya rubuta Alhamdulillahi a gefe. A wane layi zan sa Alhamdulillahi? Mutanen da rabonsu da 'ya'yansu tun bara!

Lahadi, 10 ga Nuwamba
Rosaline, 'yar Kafanchan mai kitso a Bur Dubai, ita ma a'a ta zaɓa. Muna tsakiyar kitso ta ce ɗanta da ta baro gida ya fara kiran ƙanwarta Mama. Hannunta ya tsaya a kaina. Na ce to me ya sa kika zaɓi a'a? "Haba 'yar'uwa, takarda ce fa. Wa ke kai kuka wurin takarda?"

Talata, 12 ga Nuwamba
Dakta a waya: "Abin da suka zaɓa shi ne sakamakonki." Wato in jera ƙarya a jadawali in sa hannu.

Alhamis, 14 ga Nuwamba
Maigidana yana Ras Al Khor tun asuba, lodin kwantena. Gidan shiru. Na ɗauki takarda ɗaya na cike, don gwaji kawai. Sai da na gama na duba ta tara. A'a na zaɓa.

Gobe zan koma wurin Rosaline. Kitson ne bai zauna ba, ba wani abu ba. Takardun dai a gida zan bar su.