Ka Zo Ka Yi wa Dada Maganar Allurar

Zuwa ga sanyin idona, ruwan farkon damina a busasshiyar zuciyata, wanda bakina ke kunyar kiran sunansa amma raina ke kiransa ba hutawa. Amincin Allah ya tabbata a gare ka.

Ya muradin raina, tun da aka kawo ni Gafasa goyon ciki na koma kamar shukar gyaɗar da ruwa ya ɗauke mata. Ina yi wa kowa murmushi, amma wallahi tsoro ne ke cina. A waya ba zan iya faɗa ba, kullum Dada, kakata, tana gefena da carbinta.

Ka tuna ranar da aka ɗebi jinina a wurin awo? Na fito an ce wai ina ɗauke da ƙwayar ciwon hanta, ni da ko ciwon kai ba na yi! Na zaci guduna za ka yi. Sai ka miƙa hannu aka ɗebi naka, ka saya mini yalo, ka tuƙo babur har gidanmu na Balan a hankali kamar ka ɗauko ƙwarya cike da nono. Ran nan na san duk jaruman littattafan da nake karantawa ba wanda ya kama ƙafarka.

Da kunnenka ka ji malamar asibiti. Ta ce cutar kan kama jariri wajen haihuwa, sai an yi masa allurar rigakafi kafin ya cika kwana ɗaya a duniya. Kwana ɗaya fa!

To ga shi Dada ta gama shirinta. An jibge itacen wankan jego, an yi wa ungozoma magana. Ta ce a ɗakinta aka haifi Innata, a nan aka haife ni, kuma jinjiri ba ya ƙetare zaure sai an yi suna. Na sha niyyar yi mata maganar allurar, sai in fasa. Ta yaya zan dubi idon Dada in ambaci cikin fari, ni da ko ya jiki aka ce mini sai na rufe fuska da mayafi?

Na san kai ma kunyar ce ta ɗaure ka, har zagaye layinmu kake yi don kar ka haɗu da surukai. Wannan kunyar taka ce ta sace zuciyata tun farko. Yau ita ce ke neman halaka ni!

Don girman Allah ka zo, farin watana. In kai kaɗai ba za ka iya ba, ka taho da yayanka Lurwanu. Ka durƙusa gaban Dada ka ce a asibiti zan haihu. In ta ce ba ka da ta ido, ka haɗiye. In matan gidan sun yi maka tsiya, ka haɗiye. Surutu zai wuce kafin a yaye ɗanmu, amma abin da ya shiga hantarsa zai iya binsa har girma.

Watan ya kama, bayana ya fara ciwo. Yanzu haka ɗan cikina motsi yake yi, har biro na karkace mini. Bai san komai ba, mu kaɗai gare shi, mu kuma wai kunya muke ji!

Ka zo kafin ya riga ka zuwa.

Taka ce ni, kai kaɗai, har ranar da za a rufe ni da ƙasa,
Shafa'atu