Manhaja ta Uku Ce Ta Ci

Yaya Rilwanu,

Na leƙo kana barci, motar Babura kuma ba ta jira, shi ya sa na bar maka wannan.

Gardama ta ƙare. Manhajojin nan uku da muke ta musu a kan wadda za mu ɗora wa shafin ƙungiyar manoma, jiya na kai su har Kanya Babba. A wayar Baba Kura na gwada su, ba a kwamfutarka ba. Shi ne shugaba, shi zai riƙa rubutu, kuma ka san yadda sabis yake a garin.

Taka mai hotuna masu juyawa ta yi ta lodi har ya idar da la'asar, ba ta buɗe ba. Ta biyu ta buɗe, amma ya rasa inda zai danna. Ta ukun da ka raina, sau ɗaya na nuna masa. Ya gyara tabarau, ya rubuta sanarwar rabon irin gero da yatsa ɗaya, ya tura. A nan take na ɗora ta a shafin. Kafin magariba wani manomi ya kira daga Roni yana tambayar wurin rabon.

Ka yi haƙuri, na sauke taka ban tambaye ka ba. Komai nata yana cikin filashin da na danne takardar nan da shi. Don Allah kada ka mayar da ita.

Baba Kura yana gaishe ka. Ya ce in kana son saka rubutu a shafin, ka je ya koya maka.

Ƙanwarka,
Jannatu