Lagireton Kwamfutar Auta

Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya idanun? Gwaggo, na san ke kike karanta masa, don Allah kada ki tsallake inda ba ki gane ba, shi zai gane.

Shawara nake nema. Kwamfutar da nake zanen gidaje da ita ta cika nawa, sai na ƙara wa ƙwaƙwalwarta gudu fiye da yadda masu ƙera ta suka tsara. Gudu kam ta yi, amma zafinta yakan kai digiri casa'in da biyar, sai ta mutu ana tsakiyar aiki. Hanya biyu ce a gabana. Ko in ɗora mata ƙatuwar fanka, ko in sa mata ruwa: ɗan mitsitsin famfo, tiyo biyu, da lagireto. Lagireto fa, Baba, irin wanda ka shekara talatin da huɗu kana gyarawa a gareji, sai dai wannan jariri ne.

Gwaggo ta ce tun da ganinka ya ragu ka rufe gareji, ko ƙofar gida ba ka leƙawa. Ta ce ka sake cewa ba za ka dawo wurina ba, wai kada ka zame mini kaya. Maganar nan tana ci mini rai ƙwarai. Amma yau ba ita ta kawo ni ba. Wanne zan saya?

Taka har kullum,
Auta

Baba,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Gwaggo. Ina fatan ciwon gwiwarta ya yi sauƙi.

Na bi umarninka, ruwa na saya. Na shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashin mahaɗar tiyo, na bar famfo yana aiki yini guda kafin in kunna komai. Ko ɗigo babu.

Amma wayar da muka yi jiya ce ta sa na ɗauki biro. Da na kara maka wayar a jikin kwamfuta don ka ji ƙurƙur ɗin da take yi, ban gama bayani ba ka ce iska ce ta maƙale a famfo, don na kafa lagireto a ƙasa. Na mayar da shi sama kamar yadda ka ce. Kwamfutar ta yi tsit, zafin bai wuce sittin da takwas ba.

Minti arba'in ka yi kana mini faɗa, har da cewa wai na yi digiri ban san iska sama take hawa ba. Rabon da in ji muryarka da ƙarfi haka tun kafin rasuwar Inna. Da muka gama sai da na yi kuka, don daɗi.

Baba, abin nan yana son kunne a kusa, ni kuma ba ni da irin naka. Ɗakin da ke kusa da nawa a share yake. Ka zo.

'Yarka mai kewarka,
Auta

Gwaggo,

Ina fatan kin huta gajiyar rakiya. Baba yana lafiya. Ya sa an ajiye masa kujera kusa da teburina, da safe sai ya ɗora tafin hannu a jikin kwamfutar kafin ya yarda in fara aiki. Har maƙwabcinmu ya kawo masa janareta ya saurara.

Akwai abin da na ɓoye miki. Tun kafin in rubuta wasiƙar farko, mai shagon kayan kwamfuta ya gaya mini fanka ta ishe ni, kuma ta fi rashin fitina. Na yi tambayar ne kawai don in samu Baba ya yi magana. Abin ya tsaya mini a rai, shekaranjiya na faɗa masa, ina jiran faɗa.

Dariya ya yi har da tari. Ya ce shi ma da baƙo ne ya tambaye shi, fanka zai ce masa ya saya. Amma ya san fanka ba ta bukatar tsoho ya zauna kusa da ita.

Ki haɗo masa akwatin sifanoninsa da ya bari a ƙarƙashin gado. Ya ce a nan za su zauna.

Ki huta lafiya,
Auta